Kunamar Malama

Dariya Sufeto ya tarar a ofis da safiyar Alhamis. Sajan ya kifa kai a kan kanta, kofur biyu suna taya shi. A bencin bayan kanta kuwa wani magidanci ne zaune, an karɓe masa takalmi da bel.

"Me ya yi?" Sufeto ya tambaya.

"Ɓarawon kayan wasa ne, yallaɓai," in ji Sajan. "Ka san manyan nan masu tseren motocin rimot? Shi ne mai yi musu gyara, Baban Tagwaye. Ya sace kwantirolar motar wata malama, abu kamar kwalin ashana! Shugaban ƙungiyar da kansa ya kawo shi. Litinin sai kotu."

"Wa ya je ya duba wurin?"

"A duba me? Shugaba fa babban mutum ne."

Wannan magana ce Sufeto ya fi tsana a aikin nan. Babba ya nuna yatsa, a rubuta, a rufe fayil, a tafi cin abinci.

"Mutum zai kwana huɗu a sel, ya fito da sunan ɓarawo, kai kana dariya don abin ƙarami ne? Sunansa ma ƙarami ne? Miƙo fayil ɗin."

Baban Tagwaye ya ɗago kai. "Yallaɓai, shekara tara mabuɗin kabad ɗin ƙungiyar yana hannuna, ko noti bai taɓa ɓata ba. Sun ce in amsa laifi a sassauta mini. Ba zan amsa ba."

Ɗakin ƙungiyar wata tsohuwar kwantena ce a gefen filin tsere, tana warin roba da dalma. Can Sufeto ya sami mai motar, malamar kimiyya a wata sakandare. Ta buɗe murfin motarta ta nuna masa.

"Wannan injin ne. Wayoyi uku ke shiga cikinsa: shuɗiya, rawaya, ruwan lemo. Kwantirola ce ke ba shi wuta, ita ke cewa ga yadda zai tashi, ga yadda zai tsaya. Wata huɗu ina saita tawa, ina gwadawa, ina taɓa injin in ji zafinsa, ina rubutawa. Jibi Asabar gasar ƙarshe. Jiya na zo na tarar da gurbinta wayam."

Sufeto ya duba kwaɗon kabad ɗin da ake kulle motocin a ciki. Ba a taɓa shi da ƙarfe ba.

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Na Baban Tagwaye da na Shugaba."

Ya sunkuya kan wayoyin ukun. An datse su da filaya, bakinsu duk ya tattauje. A teburin, taku ɗaya daga wurin, ga ƙarfen narka dalma a rataye.

"Mai gyara haka yake cire waya?"

"Baban Tagwaye? Ko wayar da ta mutu ba ya yankewa, sai ya narka dalmar ya zare ta. Na faɗa wa Sajan ɗinku. Ya ce in koma aji, wannan maganar maza ce."

"In kin ga kwantirolarki za ki gane ta?"

"Da ido, a'a. Irinta goma ne a ƙungiyar nan."

Ta ɗauki rimot ɗinta, mai kama da ƙaramar bindiga, za ta mayar cikin jaka. Sufeto ya lura manuniyarta ta hagu a miƙe take ƙyam, da tsohon tabo a gaɓa.

"Da wannan yatsan kike jan kunama?"

"Ba ya lanƙwasuwa, gilashi ya yanke jijiyar. Kowa jan kunama yake mota ta tafi, ya tura ta tsaya. Ni na juya tawa. Turawa nake ta tafi."

Sufeto ya rubuta wannan, ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa.

Yana hanyar komawa ofis wayarsa ta yi ƙara. Ogansa ne na wurin aiki.

"Na ji kana yawo a kan kayan wasa. Shugaban nan mutumin kirki ne, kar ka ja mana magana."

"Ranka ya daɗe, in an haramta mini binciken, a ba ni a rubuce da sa hannu."

Oga ya kashe wayar.

Sufeto ya ja kujera ya zauna gaban Baban Tagwaye. "In wani ya ɗaura kwantirolar Malama a motarsa, me zai faru?"

Mutumin ya gyara zama, idonsa ya kawo haske.

"Ai kwantirola koya mata ake yi, yallaɓai. Ka danne maɓallinta, ka nuna mata ga gudu, ta yi ƙara, ka nuna mata ga birki, ta sake ƙara. Ta Malama a juye ta koya. Duk wanda ya ja mata kunama, ribas za ta ba shi."

"Sai ya yi yaya?"

"Mai sani zai sake koya mata, minti ɗaya an gama. Wanda bai sani ba zai musanya biyu daga wayoyin ukun, inji ya juya ɗaya gefen. Motar za ta yi gaba, amma da ƙarfin ribas, kamar mai ciwon ƙafa. In kuma ya taɓa birki..." Ya girgiza kai. "Allah ya tsare na bayansa."

"Wa ke saita motar Shugaba?"

"Ni. Shekara tara. Bai taɓa tambayata me na yi mata ba, sai dai ya karɓi kofi."

Da la'asar ranar aka yi gwajin ƙarshe kafin gasa. Sufeto ya sa aka mayar wa Baban Tagwaye takalminsa, ya taho da shi da Sajan. Motoci na ta shawagi a fili suna kuka kamar zuma. Shugaba yana zaune a inuwa, motarsa ja a kan cinya, babban yatsansa a naɗe da filasta.

"Sufeto! Ka kawo mana ɓarawon ya ba da haƙuri ne?"

"Me ya sami yatsanka?"

"Butar shayi."

"Ina mabuɗinka na kabad yake jiya?"

"A gida. Ban ma leƙo nan ba."

"Kowa na gwaji, kai ba ka yi?"

"Zakara ba ya gwaji, ɗana. Sai Asabar."

"A buɗe murfin motar."

Shugaba ya yi murmushi ya buɗe. An naɗe kwantirolar da baƙin tef. Dalmar da ke kan wayoyin ta yi tudu-tudu, kuma shuɗiya tana gurbin rawaya, rawaya tana gurbin shuɗiya. Baban Tagwaye ya kau da kai kamar an nuna masa ƙazanta.

"Tawa ce," in ji Shugaba. "Irinta goma ne a nan. Ka san da wa kake magana kuwa? Kafin a haife ka nake zama da manyanka."

"Na sani. Ajiye ta a fili ka tuƙa."

"In na ƙi fa?"

"Sai in tafi da ita ofis, a gwada gaban alƙali. Zaɓi."

Sauran 'yan tseren sun tsayar da motocinsu sun zagayo. Shugaba ya duba fuskokinsu, ya ajiye motar, ya ja kunama. Motar da ta cinye kofi tara ta ja jiki a hankali, kamar tsohuwar akuya.

"Batir ne ya yi sanyi," ya ce.

"Taka birki."

"Ai za ta tsaya da kanta."

"Na ce taka birki!"

Shugaba ya tura kunamar. Motar ta yi wani ihu, ta zabura da baya kamar harsashi, ta daki ƙaurin Sajan, ta kife tayoyinta na juyawa a sama.

"Wayyo ƙafata!" Sajan ya dafe ƙauri yana tsalle.

"Kayan wasa ne, Sajan," in ji Sufeto. Ya juya ga 'yan tseren. "Motar wa ke gudu in an tura kunama?"

Duk suka dubi Malama. Ita kuwa ta harɗe hannu.

Shugaba ya zauna daɓas a kujera.

"Sau uku tana wuce ni a gwaji," ya ce. "Mace, da yatsa ɗaya a sandare! Na ce sirrin yana cikin kwantirolar. Ba zan iya kai wa Baban Tagwaye ba, zai gane. Na ɗaura da kaina, tawa kuma na ƙona ta wajen cirewa. Da ta fara cigiya, sai na ga mabuɗi biyu ne kawai." Ya ɗago. "Sufeto, a kashe maganar nan a nan. Mu duka manya ne."

"Da safe da ka kai shi ofis ba ka ce a kashe ba."

Baban Tagwaye ya ɗauki jar motar ya shiga kwantena, ya jona ƙarfen dalma. "Malama, kawo taki. Kafin magariba za ta tashi."

Shugaba ya laluba aljihu ya fito da mabuɗin motarsa ta hawa. "To, ku yi gaba, zan biyo ku a tawa."

"A tamu za ka," in ji Sufeto, ya buɗe masa ƙofar baya ta motar 'yan sanda.

A ofis Sajan ya tsaya yana ɗingishi, yana duban Shugaba, yana duban bencin bayan kanta.

"Yallaɓai, in kawo masa kujera?"

"Me ka karɓa a wurin na safe?"

"Takalmi da bel."

"To, me kake jira?"