Mutumin da Ya Liƙe Jar Fitila

A wani gari can, an yi wani mutum mai tsohuwar mota da cika baki. Kullum cewa yake, "Ni da motata mun san juna, ba ruwanmu da bakanike."

Wata rana wata 'yar jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Matarsa ta ce, "Maigida, wannan fitilar fa?"

Ya ce, "Kwalliya ce." Ya liƙe fitilar da takarda, ya yi dariya.

Bayan kwana biyu inji ya fara ƙwanƙwasa. Wani tsohon direba, maƙwabcinsa, ya ce, "Malam, motar nan baƙin mai take nema. Zaro sandar ka duba."

Ya ce, "Baba, waƙa take yi." Ya ƙure rediyo, ya yi dariya.

Ran nan da hantsi aka aiko masa daga ƙauye cewa mahaifiyarsa ta rasu, za a yi jana'iza bayan azahar. Ya figi mota. A tsakiyar daji inji ya yi wata ƙara, ya tsaya cak. Ya murɗa makulli, shiru. Ya zaro sandar baƙin mai, ya gan ta a bushe.

Sai bayan la'asar ya isa ƙauye, a bayan motar itace. Ya tarar mutane sun dawo daga maƙabarta.

Yayarsa ta dube shi ta ce, "Mun jira ka har liman ya ce a ɗauke ta. Ina motar taka?"

Ya sunkuyar da kai. A ranar bai yi dariya ba.