Alewar da Aka Ware wa Sajida

Latifatu da 'yarta Sajida su biyu rak suke zaune a ɗaki guda, a wani gidan haya a unguwar Mahjar da ke Jidda. Mijin Latifatu ya rasu tun yarinyar tana goye. Suna da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, suna da farantin alewar madara da Latifatu ke kasawa a ƙofar gida, amma ba su da wanda zai tsaya musu in magana ta taso.

Magana kuwa ta taso ranar wata Talata da hantsi. Asibiti ya kira ofishin 'yan sanda: an kawo yarinya 'yar shekara takwas tana layi, gwaji ya nuna wiwi ta ci a cikin alewa. Sajida ce. Kafin azahar an tsare uwar.

Sufeto Abdulelah aka miƙa wa binciken. Haifaffen Jidda ne, a bakin kakarsa ya koyi Hausa. Ya san in laifin ya tabbata kan Latifatu, kurkuku ne, sannan a fitar da ita daga ƙasar, yarinyar kuma ta rasa mai riƙonta.

"Me kike zubawa a alewarki?" ya tambaye ta.

"Madara da sukari, Yallaɓai. Don Allah, ta farka?"

"Ta farka."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Ya aika da farantin gwaji, aka dawo masa da cewa babu komai a ciki sai madara da sukari.

Ya wuce asibiti, ya jawo kujera kusa da gadon Sajida.

"'Yata, wa ya ba ki alewar?"

"Tsinta na yi, Ammi," ta ce, wato Baffa da Larabci.

"A ina?"

"A hanya."

Ba ta ɗago ido ba. Hannunta yana damƙe da wani abu a ƙarƙashin mayafi. Bai matsa mata ba, sai ya ce ko za ta nuna masa, in ya yi alkawarin ba zai yi faɗa ba. Ta buɗe hannun. Ledar alewa ce mai sheƙi, ta ajiye ta don kyanta. Rubutun jikinta Turanci ne da Faransanci, a gefe kuma ga jan tambari mai hoton ganye.

Babu kanti a Jidda da ke sayar da wannan. Jirgi ne ya kawo ta.

Da la'asar ya shiga gidan hayar, ya tambayi wa ya dawo daga tafiya. Aka nuna masa bene, wurin Hajiya Mariyamu mai gidan. Ɗanta Usuman, mai karatu a Kanada, ya zo hutu. Shi ya buɗe ƙofa.

"Me ka shigo da shi?"

"Kayan sawa da turare, halas, shi ke nan."

"Babu kayan zaƙi?"

"Wallahi ban ba kowa komai ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Hajiya ta fito da shayi, ta ji ƙarshen maganar, ta yi dariya.

"Wannan? Ai bai san tsaraba ba, Kanada ta mai da shi Bature. Yana barci na buɗe akwatin, kamar yadda nake yi wa babansa. Yaro ya dawo daga uwa duniya, maƙwabta su ga ba a aiko musu da komai ba? Na raba cakulan ɗaki-ɗaki."

"Khala," in ji Sufeto, wato Inna da Larabci, "Sajida fa, me kika ba ta?"

"Ita marainiya ce, ita ake ware wa mai kyau. Na sami wata 'yar leda a aljihun rigar sanyinsa, guda ɗaya tal. Na ce ta ɓoye, kada ta gaya wa kowa, sauran yara su ji haushi."

Sufeto ya ajiye ledar a kan tire. Hajiya ta dube ta, ta dubi ɗanta, dariyar ta ɗauke.

"In wannan ce ta kwantar da yarinyar, ni na ba ta da hannuna," ta ce a hankali. "Bari in ɗauko abayata."

"Zauna, Ummi," in ji Usuman. "Tawa ce, Yallaɓai. A kanti na saya a can, kanti mai lasisi. Sai da suka duba shekaruna a ƙofa, mai sayarwa ma ya ja min kunne in nisanta ta da yara. Doka ta yarda."

"Dokar can."

"Na manta tana aljihu. Da na ji abin da ya faru, tsoro ya kama ni."

"Mantuwar na gane. Amma a kan idonka aka tafi da Latifatu, ka yi shiru."

Usuman ya sunkuyar da kai.

"Zan rubuta cewa da bakinka ka faɗa," in ji Sufeto. "Sauran na alƙali ne. Yalla, mu je."

Ya sa shi gaba, suka sauka zuwa mota.

Washegari Sufeto da kansa ya kai Latifatu asibiti. Suka tarar da Hajiya Mariyamu zaune a bakin gado da kwanon kunu, idanunta jajir. Ta kama hannun Latifatu ta nemi gafara, ta ce daga yau duk abin da ya taso musu, ita za a fara nema.

Sajida ta ƙanƙame uwarta, sannan ta leƙo ta dubi Sufeto.

"Ammi, na karya alkawarin Hajiya?"

"A'a, Hajiya ce ta faɗa da kanta."

Yarinyar ta gane cewa Hajiya don ƙauna ta ba ta alewar, kuma ta gane cewa duk abin da aka ce ta ɓoye, uwarta ce mutum ta farko da za ta nuna wa.