Layin da Ɓarawo Bai Taka Ba

Ranar wasan besbol na ƙarshe tsakanin ƙungiyoyin Kunamu da Zakaru, ba mai yin aikin kirki a San Pedro. Tun bakwai na safe 'yan acaba suke zagaye gari da tutoci suna danna oda, kowane shago da rediyonsa, kowane rediyo da ƙaryar da yake shararawa.

Sufeto Nicanor Ozoria ya zauna gaban farantin dakakkiyar ayaba da soyayyen ƙwai, bai kai loma ta biyu ba Saje Belkis ta leƙo. Ta ce an yi sata a unguwar Los Cocos, har an fasa wa wani tsoho kai.

"Me aka sata?"

"Hoto, yallaɓai. Na shagon Don Fulgencio."

Sufeto ya ture farantin, yunwar ta tafi. Duk wanda ya taɓa aski a garin nan ya san hoton: filin wasan besbol na gari maƙil da mutane, cikin firem mai gilashi, faɗinsa ya kai buɗin hannu biyu. Magoya bayan Kunamu sun ɗora masa imanin da ko coci ba ta samu daga gare su ba. Duk ranar wasa sai sun yi jeri sun shafi gilashin kafin su wuce fili. Yau kuwa ƙarfe huɗu za a yi jifan farko na buɗe wasa.

Da ƙyar motarsu ta kutsa cikin unguwar. Samari kusan hamsin ne a kan titi, wasu da duwatsu, duk sun fuskanci wani shagon kayan masarufi da aka ja wa ƙofar ƙarfe. Wani ya buga marfin motar ya tambayi Sufeto shi na wace ƙungiya ne.

Don Fulgencio yana zaune a kujerar askinsa, tsoho mai farin gashin baki. A bango ba komai sai ƙusa da shatin wurin da firem ya daɗe.

"An fasa kwaɗo?"

"Ba a fasa ba. Da makulli aka buɗe."

"Su wa ke da shi?"

"Ni, sai kompadre Tiburcio, uban baftismar ɗana, mai shagon can. Shekara talatin yana ajiye mini na biyu." Ya dubi ƙusar da ke bango. "Ɗan Zakaru ne tun daga ciki, na sani. Amma ban zaci zai yi mini haka ba."

A bakin ƙofa ɗansa Radhamés yake tsaye, dogon mutum ɗan shekara talatin da 'yan kai, riƙe da hular kwanon acaba. Shi ne ya ce ya ga Don Tiburcio da asuba yana laɓe-laɓe a ƙofar shagon. Da aka tambaye shi nasa makullin, ya ce ya ɓata tun bara.

Sufeto ya duƙa yana duban ƙasa. Don Fulgencio yana da wata al'ada da kowa ya saba da ita: ya ja farin layi ya raba shagon biyu, tsakanin ƙofa da bangon hoton, kwaikwayon layin gefen fili. Jajiberin kowane wasa, in zai rufe, sai ya sabunta shi da farar ƙasa mai kauri wadda ba ta bushewa sai hantsi.

Da asuba an ɗauke wuta. Ɓarawon ya ture gwangwanin hoda cikin duhu, ta watse ko'ina, ga sawunsa nan a fili, zuwa da dawowa. Amma a kan layin sawu ɗaya ne tak, na silifas, kuma Don Fulgencio ya ce nasa ne na safe. Sawun ɓarawon in ya zo dab da layin sai ya ɓace, ya bayyana a ɗaya gefen.

Abin ya tsaya wa Sufeto a rai. Mutum cikin duhu, rungume da gilashi mai nauyi, me ya dame shi da farar ƙasa? Ya sa Belkis ta ɗauki hoton sawun, ya hana kowa shiga.

Ta ƙofar baya suka shiga wurin Don Tiburcio. Yana zaune a kan buhun shinkafa, tawul a kai ya jiƙe da jini, duwatsu na sauka a kan kwano jefi-jefi.

"Ina kake da asuba?"

"Coci, Sufeto."

"A coci ake rabon baƙin fenti yanzu?"

Tsohon ya dubi farcensa, ya yi saurin dunƙule hannun. Sai ya sauke murya ya faɗi gaskiya. Yana bayan shagon kafinta ne da yamma jiya yana shafa wa akwatin gawa fenti, yau da asuba kuma yana gida yana barci. Haka ake yi kowace shekara: ƙungiyar da ta faɗi sai a yi mata jana'iza, a naɗe akwati da tutarta, mata su bi baya da kukan ƙarya, a kai bakin teku a cinna masa wuta. Bana shi ya ɗauki nauyin akwatin Kunamu, kuma kunyar kompadrensa ce ta sa ya ɓoye.

"To, makullin fa?"

Ya nuna ƙusa a bayan sikeli. Makullin na nan, har da yanar gizo.

"Sufeto, ni fa na ba shi hoton nan. Da kuɗina na sa aka yi firem ɗin a wurin Doña Yokasta. Ni na riƙe Radhamés ranar baftisma. In saci me?"

Wani dutse ya faɗo da ƙarfi, gwangwanayen madara suka zubo daga kanta. Sufeto ya dubi agogo, sha biyu ta gota. Ya san mutanen garinsa. In aka tafi fili ba a shafi hoton ba kuma Kunamu suka faɗi, shagon nan ba zai kai magariba a tsaye ba, mai shi ma Allah kaɗai ya sani. Ya bar 'yan sanda biyu a ƙofa, ya tura Belkis wurin kafinta, shi kuma ya nufi kasuwa.

Shagon Doña Yokasta ba wurin juyawa. Filayen wasa ne a bango tun daga ƙasa har rufi, na gida da na ƙasashen waje, manya da ƙanana. Ranar haihuwa, ritaya, dawowa daga New York, a garin nan ba ka da kyautar da za ka ba namiji ya yi shiru ya goge ido kamar hoton fili. Tana naɗe wani a takarda, mutum uku suna jira, ba ta ko ɗago ba.

Ta tuna hoton sarai. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ba irin na kasuwa ba ne, guda ɗaya ne a duniya.

"Me ya bambanta shi?"

"Allon maki. Kai ba a can kake aski ba?"

"A can nake."

"To da idonka a rufe kake zama. Zagaye na huɗu ne, Zakaru ba su ci ko ɗaya ba. Ɗan ɗigon da ke tsakiyar fili yana jifa, Radhamés ne. Wasansa na farko a babbar ƙungiyar Kunamu."

"Sai me ya faru?"

"Sai zagaye na biyar." Ta ja kirtani ta tsinka da haƙori. "Gwiwar hannunsa ta yi ƙara har masu kujerun gaba suka ji. Ya ƙi fita, ya ci gaba da jifa, aka zura masa bakwai. Bai sake sa rigar ba. Ubansa dai kullum labarinsa a na huɗu yake tsayawa."

Sufeto ya ji kunya. Sau nawa ya zauna a kujerar nan yana gyangyaɗi ana ba da labarin, bai taɓa tambayar ƙarshensa ba.

Ya juya zai fita, idonsa ya faɗa kan wani ƙaramin hoto kusa da ƙofa. 'Yan wasa tara ne suna shiga fili da gudu, uku daga cikinsu ƙafa a sama, suna tsallake farin layi.

"Doña, waɗannan fa?"

Ta yi masa kallon wanda ya tambayi ko teku na da gishiri. Ta ce ai ko jariri ya sani, ɗan wasa ba ya taka layi, ko da bindiga ka biyo shi. Tun suna yara ake dasa musu tsoron, wai yana kawo rashin sa'a, har ya zama ƙafar ce ke yi da kanta.

Ya san wannan, mana. Kowa ya sani. Bai dai taɓa haɗa shi da farar ƙasar shagon aski ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Belkis ce, tana haki. Hoton yana cikin akwatin, a ƙarƙashin tsummoki, kuma samarin sun ji labarin akwatin suna tafe.

"Da me aka naɗe shi?"

"Buhu, yallaɓai. An ɗaure da baƙar roba, irin ta ɗaure kaya a babur."

"Sa shi a mota, ki rufe da bargo. Kada ki tsaya ko'ina."

Ƙarfe uku da rabi Sufeto ya sa aka jawo tebur jikin bangon da babu hoto, ya zauna da takardu. Hodar an share, layin ya bushe fari tas. Waje ya cika fiye da ɗazu, rabi suna son tafiya fili, rabi sun ƙi motsawa. Ya ce kowa zai zo ya sa hannu a bayaninsa, ɗaya bayan ɗaya.

Don Tiburcio ya shigo yana dafe da kai, ya taka layin, ya sa hannu. Samari biyu da aka kama da jifa suka shigo, su ma suka taka, ɗaya har da jan ƙafa.

"Radhamés."

Ya taho yana kallon takardar. Dab da layin ƙafarsa ta dama ta ɗan ɗaga, ya yi wani gajeren tsalle mai kyau, ya sauka a ɗaya gefen. Shi kansa bai san ya yi ba.

"Koma bakin ƙofa ka karɓo wani biro, wannan ya daina rubutu," in ji Sufeto.

Ya koma. Ya sake tsallakewa.

Sufeto ya ajiye wayar Belkis a kan teburin, hoton sawun a buɗe, ya ɗora baƙar robar a gefenta.

"Mutum huɗu ne suka shigo yanzu. Uku 'yan kallo ne, ɗaya ɗan wasa. Ina robar babur ɗinka?"

Radhamés ya dubi robar, ya dubi ƙafarsa. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin da ya ɓata bara, ya ajiye.

Don Fulgencio ya miƙe, ya koma ya zauna, bakinsa a buɗe.

Radhamés ya yi magana a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba. Ya ce shi ne ya kai wa kafinta katakon akwatin a babur, don haka ya san inda yake. Ya yi lissafin Kunamu ba za su kai labari ba yau, a ƙone akwatin da hoton a ciki, shi ke nan, ba wanda zai sani.

"Shekara goma sha ɗaya, Sufeto. Kullum Baba sai ya nuna ɗigon nan da almakashi ya ce ga ɗana. Ya kai zagaye na huɗu ya tsaya. Sai kowa a shagon ya yi shiru ya juyo ya kalli hannuna. Da acaba nake ci, ba na roƙon kowa. Amma in na shigo nan, ni gawa ce da aka rataye a bango."

"Uban baftismarka fa? Shi me ya yi maka?"

Nan ne idonsa ya kawo ruwa. Ya ce da safe mutane suka taru suna tambayar wa ke da makulli, suka fara dubansa. Tsoro ya kama shi, sunan ya fita daga bakinsa. Da ya ga dutsen ya sauka, ya kasa janyewa.

"Me ya hana ka faɗa mini?" in ji Don Fulgencio, da ƙyar ake jin sa. "Da na sauke shi, ɗana."

"Na faɗa, Baba. Sau uku. Na ƙarshe ka ce in matsa, ina tare wa mutane hoton."

Tausayinsu duka biyu ya kama Sufeto, kuma ya ji haushin kansa da ya ji tausayin, don ga Don Tiburcio nan da tawul ɗin jini.

Don Tiburcio ya ce shi ya yafe, a bar yaron. Sufeto ya ce wannan sai a gaban alƙali, shaidar zur da ta kusa kashe mutum ba a yafe ta a shagon aski. Belkis ta shigo da hoton ta jingine. Daga waje aka fara ihu a miƙo a shafa, saura minti goma. Don Fulgencio ya tashi, ya kama firem ɗin da hannu biyu, ya juya fuskarsa ga bango.

Belkis ta sa wa Radhamés ankwa, ta kama hannunsa na hagu, mai lafiyar. Duk rediyoyin unguwar suka ɗauka lokaci ɗaya, an yi jifan farko.

Da suka zo layin sai ya tsaya. Belkis ta ja shi, bai motsa ba. Ya ɗaga ƙafa, ta yi rawa a sama kamar ba tasa ba. Sannan ya sauke ta a tsakiyar farar ƙasar, ya danna da dukkan nauyinsa, ya bar sawunsa a kai, ya fita zuwa mota.