Injin da Ke Tari Sau Biyu

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Gaggawa ya gama yanke ciyawar bayan gida da sabon inji. Ya kashe shi, ya tsaya yana kallon filin, sumul kamar an shimfiɗa darduma. Bai ji daɗi ba, bai ji haushi ba. Tun da aka binne Baba wata biyu da suka wuce, ko abinci taunawa kawai yake yi.

A nan dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin ajiya. Can sai wani. Ya leƙa ta katanga, ba kowa a layin.

Baba ya fi shekara ashirin yana yanke wa mutane ciyawa a gidajensu da inji guda, kore, ƙarfe zalla, mai nauyin tsiya. A gidan ana kiransa Mai Tari, domin duk sanda Baba ya ja igiya sai ya yi tari ya mutu, ya sake tari ya mutu. Baba ya tsaya ya goge hannu da tsumma, sai a ja na uku ya tashi. Gaggawa, wanda Baban ne ya laƙaba masa sunan, ya sha yi masa tsiya a kan haka. Maganarsu ta ƙarshe ma ita ce. Ya ce masa injin nan ya daɗe da mutuwa, mai shi ne bai sani ba. Baba ya yi dariya kawai. Bayan kwana huɗu aka wayi gari babu shi.

Da aikin ya dawo hannunsa, ya yi kwana uku yana zaga shaguna. Ya ɗaga wannan, ya ƙwanƙwasa wancan. Akwai mai batir, ba ƙara, amma an ce ba ya kai yini. Akwai shuɗi mai ƙarfe rabi roba rabi, tayoyinsa na rawa tun a shago. Wani mai shago ya gaya masa gaskiya, cewa irin koren nan an daina yi, wuƙarsa kaɗai ta fi jikin waɗannan kauri, ya je ya gyara abinsa. Bai saurara ba. Ya ɗauki ja, mai jikin roba, mara nauyi, mai arha, wanda ja ɗaya yake tashi. Mai Tari kuwa ya tura shi ɗakin ajiya ya rufe da buhu.

Tun daga ranar da ya gwada jan injin a bayan gida, jifa ba ta fasa ba, kullum idan rana ta yi ja. Da safe ya tarar an ƙulle igiyar sabon injin ƙulli bakwai. A rana ta huɗu Umma na wanke kofuna ta ji tari sau biyu daga ɗakin ajiya. Ta ajiye kofin a hankali, ta zauna a ƙasa.

A rana ta shida Auta, ƙanwarsa, ta je kwaso shanya ba ta dawo ba. Ya same ta durƙushe a tsakiyar filin tana tsince ciyawar da aka yanke tana mai da ita ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai dashe. Ya kira ta. Ta ɗago ta dube shi da idon da bai san shi ba. Kwana biyu ba ta ci ba, ba ta yi magana ba, ƙafarta ta hagu ta kumbura ba ciwo ba rauni.

Malamin da Umma ta aika a kira tsoho ne mai sanyin murya. Ya zo gab da faɗuwar rana, ya sa aka zaunar da Auta a tabarma a bakin filin, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Tsuntsayen katanga suka yi tsit. Sai jikinta ya ɗau rawa, ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito.

"Ina mai sallama?"

Malam ya tambaye ta wa take nufi.

"Mai koren ƙarfe. Sau biyu yake buga mana, ya jira mu kwashe yaranmu daga cikin ciyawa, sannan ya shigo. Wannan kuwa ja ɗaya, sai wuƙa. Jikata ba ta taka ƙafa har yau."

Gaggawa ya ji bakinsa yana cewa ai injin ne ya lalace, shi ya sa yake tari.

Tsohuwar ta yi dariya da bakin ƙanwarsa. "Kai ne Gaggawan? Lafiyar injin ƙalau, ɗan nan. Ubanka ne yake rufe man da gangan."

Ta ce ƙafa da ƙafa, ba za ta saki yarinyar ba sai tata ta warke. Malam ya ce wadda ta kama ba ta taɓa riƙe inji ba, zalunci ne, kuma ta san wanda yake gani. Ya ci gaba da karatu har ta ce ya isa. To, in ji ta, mai koren ya zo da kansa ya ba ta haƙuri, shekara ashirin suna zaman mutunci, ba zai aiko mata da yaro ba.

Malam ya dubi Umma. Umma ta gyara mayafi.

"Ya rasu, baiwar Allah. Wata biyu ke nan."

Duhu ya fara cin katanga. Hawaye suka zubo a fuskar Auta, amma ba nata ba ne.

"Mun ɗauka tafiya ya yi," in ji muryar. "Shi ya sa muke buga kwanon ɗakin, ko ya dawo."

Ba ta ƙara maganar ƙafa ba. Ta ce a dawo musu da sallamarsu kawai, nan da duk gidan da za a je aiki, don suna da dangi a can. Malam ya juyo ga Gaggawa. Gaggawa ya gyaɗa kai. Auta ta yi atishawa, ta sulale a cinyar Umma, can ta ce ƙishirwa take ji.

Da gari ya waye Gaggawa ya janyo Mai Tari zuwa bakin ƙofa, kan siminti, nesa da ciyawa. Ya kakkaɓe ƙura, ya zuba mai. A ƙasan tankin ya ga wani ɗan makunnin mai, fentinsa ya goge daidai faɗin babban yatsan Baba. Ya buɗe, ya ja igiya sau ɗaya. Injin ya tashi, murya tas, ko gargada babu.

Ya kashe. Ya daɗe a tsaye.

Sannan ya tura shi bakin filin, ya rufe mai, ya ja. Tari. Ya sake ja. Tari. Tsumman yana nan ɗaure a hannun injin inda aka bar shi. Ya kwance shi ya fara goge hannu, yatsa bayan yatsa, ko da yake ba abin da ya taɓa su. Babu iska, amma ciyawar ta ɗan motsa ta wajen katanga.

Ya jira har ta tsaya.