Tokar da Na Barbaɗa

Wilfred ya rantse mini a wajen 'yan jari-bola ya sayo kayan: ƙonanniyar tukunya, fitilar ƙwai da wani gadon ƙarfe mai tsatsa. Shi ne daraktan fim ɗinmu na makaranta, labarin waɗanda suka rage bayan duniya ta ƙone, ni kuma mai shirya wuri. Tun firamare muke cin abinci kwano ɗaya, me zai sa in yi shakka?

Ana kiran magariba ya ce bari ya ɗauko kyamara. Ya bar ni da kayan a wani kango a ƙauyen Rido, ina barbaɗa toka da rariya.

Sai na ji ƙauri. Wata tsohuwa ce tsaye, tana shafa gadon.

"Sannu, Mama."

"Rahila ko?" Muryar kamar daga cikin randa. "Jiya na tare yaron da ya kwashe mini ɗaki. Ya ce ke kika aike shi. Ya ce yau zai bar mini ke."

Na dubi ƙasa. Daga ƙofa har gadon tokar tana nan sumul, ba sawu ko ɗaya.