Ba Shi Ya Sake Ni Ba

"Wace ce wannan? Ku ce ta fita... na sake ta."

Mijina ne ya faɗi haka, yana zaune a doguwar kujerar falonmu, kumburarrun ƙafafunsa a kan matashi. Shigowata ke nan da rana tsaka, ko jakata ban ajiye ba. Mahaifiyarsa Hajiya tana gefensa tana yi masa fifita, yayansa kuma yana tsaye a bakin taga da waya a hannu.

Yaya ya juyo ya dube ni. "Kin dai ji da kunnenki."

Na ji. Amma ba bakinsa nake kallo ba, idonsa nake kallo. Idon yana kaina, sai dai babu kowa a cikinsa.

Dogo nake ce masa, shi kuma yana ce min Shugaba, wai tun da ya aure ni bai sake yanke shawara shi kaɗai ba. Gyaran firji ne sana'arsa. A makarantar da nake koyarwa muka haɗu, ranar da ya zo duba firjin ofishin malamai. Ya gyara shi tas a ranar, amma ya yi ta dawowa wai yana jin wata ƙara a ciki, har shugabar makaranta ta ce masa in ƙarar tana da suna ya je gidan iyayenta ya faɗa.

Bara cikinsa ya fara tasowa, idonsa ya yi ɗorawa. Likita ya ce ƙwayar cutar hanta ce, wataƙila tun yana jariri take jikinsa, ta yi ta cin hantar a ɓoye har ta taurare. Ba za ta koma yadda take ba, amma ana iya lallaɓa ta.

Lallaɓawar ce na je na koya. A asibitin akwai wani ɗaki kusa da wurin karɓar magani, da bencuna da allo da hoton cikin mutum a bango. Nan wata Sista, ma'aikaciyar jinya mai ƙaramin jiki da babbar murya, take tara masu jinya tana koya mana. A rage gishiri sosai, domin shi ke tara ruwa a ciki. Kada a hana shi ƙwai da kifi da wake, ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ban da jiƙe-jiƙe, ban da maganin ciwon jiki na kemis. In ya yi aman jini ko bayan gidansa ya yi baƙi, a ɗauko shi ko takalmi ba a sa ba.

Sai wani magani na ruwa, mai zaƙi da kauri. Sista ta ce aikinsa ya sa mutum ya riƙa zagayawa sau biyu ko uku a rana. Hanji yana haɗa wata guba, lafiyayyar hanta ce ke tace ta. Idan hanta ta gaza kuma ciki ya ɗaure, gubar sai ta hau kai. Mutum ya yi ta barci da rana, ya rikice, ya zagi wanda ya fi so. Ta ce mana in ranar ta zo kada mu yi fushi, mu yi sauri.

Hajiya ba ta taɓa yarda da wannan karatu nawa ba. A wurinta ni ce nake ƙarasa mata ɗa da miya lami, ga shi ya rame ya zama kara, ina kuma ɗura masa abin da ke wanke masa ciki. Ban taɓa mayar mata da magana ba. Na san mijinta da irin wannan kumburin ya rasu, a gadon asibiti, kuma tun daga nan ko ƙofar asibiti ba ta son gani.

Da mahaifiyata ta faɗi ta karye a ƙugu, Dogo ne da kansa ya matsa min in je in yi mata kwanaki. Hajiya ta zo ta zauna da shi da 'yarmu. Na nuna mata komai kafin in tafi, ta ce min ita ta haife shi, ba sai an koya mata ba.

Yanzu ga ni na dawo, ga abin da na tarar.

Na wuce su na shiga ɗaki. Kwalbar maganin tana kan durowa, cike kamar yadda na bar ta. A ƙarƙashin gado na ga wata jarka da baƙin ruwa, saiwoyi na yawo a ciki. Na fito da su biyun na tambayi Hajiya yaushe rabonsa da bayan gida. Ta ɗaga kai ta ce tun da ta hana shi wannan abin cikinsa ya tsaya, yaro ya samu ya huta, barci ma yake yi kamar jariri.

Ban yi kuka ba. Na ɗauki waya na kira maƙwabcinmu mai tasi na ce ya kawo mota ƙofar gida yanzu.

Kafin in ajiye, Yaya ya miƙo min tasa wayar. Ashe ya kira mahaifina, ya kuma riga ya faɗa masa komai. Muryar Baba a sanyaye take. Ya ce macen da aka ce ta fita ba ta tsayawa gardama, in ɗauko 'yata in taho gida da mutuncina, manya za su zauna daga baya.

Tunda nake ban taɓa musa wa Baba ba.

"Baba, ka gafarce ni... yau ba zan bi maganarka ba. In na fito daga gidan nan, gawarsa za a fitar a bayana."

Na mayar wa Yaya wayarsa.

Da motar ta yi hon, Yaya ya je ya tare ƙofa da jikinsa. Ya ce yanzu ba ni da hurumi a kan ƙaninsa, su ne danginsa, kuma sun gaji da asibitin da ba ya warkarwa. Akwai wani mai magani da za su kai shi wurinsa gobe.

"Yaya, ko da sakin ya tabbata, a ɗakina zan yi idda," na ce masa. "Ba inda zan je. Balle ma ba shi ya sake ni ba."

"Da bakin wa aka faɗa?"

Na durƙusa a gaban Hajiya na roƙe ta abu ɗaya, ta ce wa ɗanta ya miƙa hannuwansa gaba, ya ɗaga tafukan sama kamar mai tsayar da mota. Ta harare ni, amma ta faɗa masa. Da ƙyar ya miƙa. Tafukan suka riƙa faɗuwa suna tashi da kansu, kamar fiffiken tsuntsun da aka kama. Hannun da ke ɗaure ƙananan wayoyi ba tare da ya duba ba.

Sai na ce ta tambaye shi ko ita wace ce.

Ta taɓa kafaɗarsa. "Ɗana, ka gane ni?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi mata murmushin da yake yi wa masu kawo gyara. "Baiwar Allah, firjin naki gas ne ya ƙare. Ki dawo jibi."

Maficin ya suɓuce daga hannunta.

"Hajiya," na ce, "in maganarsa ta yau abin kamawa ce, to ke ma ba ke kika haife shi ba."

Na san magana ce mai nauyi, kuma na san ba za ta manta da ita ba. Ta dube ni, ta dubi jarkar da ke ƙasa, leɓenta na motsi. Can ta ce wa Yaya ya matsa daga ƙofa, ya zo ya kama ƙaninsa. Da ya buɗe baki zai yi magana, ta daka masa tsawar da ban taɓa jin ta yi ba.

A mota ya yi ta ture ni yana cewa a cire wannan matar daga jikinsa. Na riƙe kansa a kafaɗata duk da haka. Hajiya tana gaba, ba ta waiwayo ba.

Likita ya duba shi, ya tambaye mu ko ya yi aman jini ko zazzaɓi, aka ɗebi jini, aka ba shi maganin ta ƙasa tunda ba zai iya haɗiya lafiya ba. Ya ce mun zo a kan gaɓa. Da ya ga jarkar bai yi faɗa ba, ya dai zaunar da Hajiya ya yi mata bayani a hankali, cewa abin da lafiyayye zai sha ya tashi, mai irin wannan hantar ba zai iya ɗauka ba. Ya kuma ce ita da Yaya da sauran 'ya'yanta duk a gwada jininsu, domin cutar takan zauna a gida ɗaya ba a sani ba. Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Ina jin a ranar ne ta gane abin da ya ɗauke mata miji.

Baba ya zo da yamma. Bai ce min na yi daidai ba, bai kuma ce na yi laifi ba. Ya tsaya a kan surukinsa ya yi masa addu'a, da zai tafi ya tambaye ni ko na ci abinci.

Sai da aka yi 'yan kwanaki Dogo ya dawo. Wata safiya ina goge masa fuska ya kama hannuna ya ce, "Shugaba, yaushe kika dawo? Ya jikin Mama?" Kukan da na riƙe tun ranar ya ƙwace min, har nas ta leƙo ta labule.

Bai tuna komai ba. Ni kuma na yi niyyar kada ya taɓa sani. Hajiya ce ta faɗa masa da bakinta, ba ta rage komai ba, har da kwalbar, har da jarkar. Ta ce malamin da Yaya ya tambaya ma ya ce maganar wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ta kashe aure. Sannan ta tashi ta fita, ta bar mu.

Ya juya fuskarsa bango. Ina ganin kafaɗunsa suna girgiza.

Da ya samu ya yi magana, ba haƙuri ya fara ba ni ba. Ya ce ya ji likita da kunnensa, hantar ba za ta warke ba, kuma abin zai iya dawowa. Gobe zai iya zagina a gaban 'yarmu, zai iya ɗaga min hannu bai sani ba. Ya ce da ƙuruciyata, ga aikina, bai kamata in ƙare rayuwata ina auna gishiri ina tambayar namiji ko ya zagaya ba.

"Yanzu da hankalina nake magana, masoyiyata. In kina so in sauwaƙe miki, ba zan riƙe ki ba."

Wani abu ya taso min, ba tausayi ba, fushi ne zalla.

"Na yi faɗa da mahaifiyarka, na yi da yayanka, na ƙi bin maganar ubana. Kai ne za ka zo ka kayar da ni daga kan gado?"

"Shugaba..."

"Ban gama ba. Ranar da ba ka san ni ba ban tafi ba. Yau da ka san ni zan tafi? In abin ya dawo, zan sake kawo ka. In ka zage ni, zan jira ka farka in rama."

Dariya ta kama shi cikin kuka, har ya dafe cikinsa yana cewa in yi masa rai, ciwo yake ji.

Na share masa ido da gefen mayafina. Ta tagar ɗakin ina hango Yaya a layin ɗiban jini, ya naɗe hannun riga yana kallon ƙasa, Hajiya a bayansa riƙe da hannun jikarta.

"To yanzu me zan yi?" ya tambaye ni a hankali.

"Ka rayu," na ce. "Shi ke nan aikinka. Matsa min in zauna, ƙafata ta gaji."

Ya matsa.