Ƙwaryar Aro

"Gyartai?! Duk samarin Farin Dutse ki rasa wanda za ki tsaya da shi sai mai ɗinkin ƙwarya?"

Bappa Jafaru ne yake faɗa, yana dukan tabarma da mafici. Bara'atu tana tsugune gabansa tana kallon yatsun ƙafarta. Tun da aka kai Innarta makwanci magana ta daina shigarta. Takan ji ta ne kamar ruwan sama a kan rufin maƙwabta.

"Ba da ke nake ba?"

"To, Bappa."

"To me?"

"To..."

"Yau ɗin nan ki mayar masa da ƙwaryarsa!"

A unguwarsu ba a jefar da abu. Ƙwarya in ta tsage a ɗinke, bokiti in ya huje a liƙe, tukunyar biki ɗaya ce take zaga gidaje. Sai dai aro yana da doka: abin aro ba ya komawa wayam. Ko gyaɗa ce cikin tafin hannu, sai a zuba a ciki. Wanda ya mayar da kwano wayam, ya ce ke nan ba ni ba kai.

Iliyasu shi ne mai gyaran. Ya daɗe yana son ta, ita ma a da har da gangan take tsinka silifas don ta je wurinsa. Ana zaman makoki ƙwaryar damun Inna ta suɓuce daga hannunta ta tsage. Ba ta ko sunkuya ba. Shi ya zo ya ɗauka.

"Zan ɗinke miki ita, sanyin idona. Kafin nan riƙe ta mahaifiyata, ki riƙa damu a ciki."

Ita ce ƙwaryar da Bappa ya ce a mayar.

Bara'atu ta wanke ta, ta goge. Ummussalma, 'yar Bappa, wadda ta daɗe tana satar kallon Iliyasu, ta matso.

"Kawo in kai miki, 'yar'uwa."

Bara'atu ta miƙa mata. Ummussalma ta leƙa cikin ƙwaryar, ta dubi Bara'atu. Ta tura ta cikin hijabi ta fice da sauri.

Washegari ƙwaryar Inna ta dawo, ɗinki reras, cike da gero. Iliyasu kuwa bai sake zuwa ba. Aka ce ya kwashe kayan aikinsa ya koma Birnin Kudu.

Bara'atu ta jira ta ji zafi. Ba ta ji komai ba. Ta tura ƙwaryar ƙarƙashin gado da geronta.

Damina ta zo ta wuce.

Ran nan Gwaggo Batulu, yayar Bappa, ta shigo aron ƙwarya za a yi suna a gidanta. Ta jawo ta ƙarƙashin gado, ta ga ƙwari sun mayar da geron gari.

"Aikin Iliyasu ne wannan. Yaro ya cika miki taki. Ke me kika zuba masa a tasa?"

Bara'atu ta dubi garin geron.

"Ban zuba komai ba."

"Innalillahi! Ashe da gaske ne? Na haɗu da uwarsa a kasuwar Sara, ko gaisuwata da ƙyar ta amsa. Wai Ummussalma ta ce masa ya duba cikin ƙwaryar da kyau, amsarsa ke nan."

"Ban aike ta da magana ba, Gwaggo. Mantawa na yi. Ko gishiri nakan manta a miya."

"Ita da ta gani ba ta manta ba! Shi ya sa take zaryar Birnin Kudu da tsofaffin bokitai, shi kuwa ya gyara ya miƙa mata, ko kai ba ya ɗagawa." Gwaggo ta kama haɓarta. "Kalle ni nan. Kina son sa?"

"Ban sani ba... Ba na jin komai. Amma in na ji takun mutum a ƙofar gida, nakan tsaya."

"Ya isa."

Gwaggo ta yafa mayafi ta nufi zaure.

"Jafaru, wa ya ɗinke takalmin da ke ƙafarka?"

"Yaya, meye kuma..."

"Butar alwalarka fa, wa ya liƙe? Ka yarda da hannunsa a ƙafarka da alwalarka, amma ka ƙi shi a zaurenka? Da Allah zai ba mu mai ɗinke yarinyar nan, ai sai mu gode."

Bappa ya dubi takalmin, ya gyara hula.

"Ku dai mata, in kun so abu..."

Bai ƙara ba, Gwaggo kuma ba ta jira ƙarin ba.

Ranar kasuwa suka hau motar Birnin Kudu. Bara'atu ta dama fura a ƙwaryar Inna, ta rufe da faifai, ta riƙe a cinya har suka isa. Suka same shi a gindin dalbejiya, fasassun robobi kewaye da shi. Ya rame. Da ya gan ta, basilla ta tsaya a hannunsa.

Gwaggo ta ce ita za ta duba tsadar manja, ta ja gefe.

"Ɗinkin ne ya warware?" ya tambaya, idonsa a ƙasa.

"A'a. Aro na zo."

"Aron me?"

"Ƙwaryar da na mayar wayam."

Ya ajiye basillar. Can ya sa hannu a buhun kayansa ya zaro ta, naɗe da tsumma.

"Ban iya mayar wa Iya da ita ba," ya ce. "Kullum nakan buɗe in duba, ko akwai abin da ban gani ba."

Ta karɓa. Ta durƙusa nan cikin ƙura, ta ɗaga faifai, ta juye furar a ciki har ta kusa baki. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ga ƙwaryarka. Na gode."

"Bara'atuna..."

"Kada ka yi murna da yawa, Iliyasu. Ni ba yadda ka san ni nake ba. Dariya ma na manta yadda ake yi."

"Ina da zare, ina da haƙuri. Abin da ba a kawo mini ba ne kawai ba na iya gyarawa."

Ya kai ƙwaryar baki ya kurɓa. Ya ɓata fuska, ya haɗiye da ƙyar.

"Sanyin idona... ba sukari."

Ta dube shi, ta dubi furar. Wani abu ya motsa a ƙirjinta, ɗan ƙarami, kamar zare yana bin ramin basilla.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Tukunyar unguwa da ta dafa abincin makokin Inna, ita ta dafa na biki. Da aka tashi mayar da ita, amarya ta fito daga ɗaki da lulluɓinta, ta ce a dakata.

Da hannunta ta zuba gero a ciki.